Dutsen Taimamar Mai Haƙar Rijiya

Ƙara ce na fara ji, ba irin wadda na saba ji daga cikin rami ba. Dagi in ya sami yumɓu yakan yi ƙara mai nauyi, kamar an bugi cikakken tulu. Ran nan kuwa siririyar ƙara ya yi, kamar an taɓa kofin tangaran da cokali. Ta biyo igiya ta fito har bakin rijiya, inda nake zaune da ƙwaryar furar Baba a cinyata. Tare da ita ƙamshin danshi ya taso, irin wanda ƙasa ke yi in ta kusa ba da ruwa. Ina yarinya ƙarama a lokacin, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, muna wani ƙauye kusa da Kanya Babba.

Baba ya girgiza igiya, masu ja suka jawo guga. A cikin tsakuwar da ta fito akwai wani dutse mai tsawon kamu ɗaya, ruwan ƙasa, da siraran layuka a jikinsa. Da Baba ya fito shan iska sai ya wanke shi, ya goga bakin dagi a kansa, ya taɓa kaifin da yatsa.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "yau mun samu biyu. Ga ruwa ya kusa, ga dutsen washi."

Ya jefa shi cikin burgamin kayan aikinsa. Babu wanda ya ƙara kallonsa.

Abin da ya sa nake rubuta wannan, wata ɗalibata ce a makarantar da nake koyarwa. Muna karatun ruwan ƙarƙashin ƙasa na ce mahaifina, Malam Sale, mai haƙar rijiya ne. Sai ta ce, "Malama, wannan ma har sana'a ce? Ai rami ne kawai." Ajin ya yi dariya, ban kuma ga laifinsu ba. Sun tashi sun tarar da famfo a bakin titi. Ni kuwa duk hutun makaranta a bakin rijiya na yi shi, ina kai abinci, ina jera ƙasar da guga ya fitar tuli-tuli bisa yadda ta zo, don Baba ya fito ya duba abin da ya wuce da abin da ke gabansa. Abin da na sani zan faɗa.

Rijiyar wani maigari a ƙasar Gwiwa ita ta koya mini cewa aikin yana farawa tun kafin a taɓa dagi. Maigarin yana son rijiya a ƙofar gidansa. Baba ya yi yini biyu yana zagaya garin, yana duba inda ɓaure ya tsaya kore da rani, da inda gara ta gina suri da danyar ƙasa, da inda ciyawa ke jinkirin bushewa. Daga ƙarshe ya kafa turke a bayan gari, kusa da wata tsohuwar kanya.

"Malam Sale, can fa da nisa," in ji maigari.

"Ranka ya daɗe, in ramin kake so, sai in haƙa maka a ƙofar gida. In ruwan ne, yana can."

Aka ɗaura igiya a turken aka zana da'ira, aka raba gumba sadaka ga yara, Baba ya yi bisimilla ya sari ƙasa. Kayan aikin ba su da yawa: dagi mai gajeriyar ƙota, don doguwa ba ta juyuwa a cikin rami, da 'yar fartanya, da gugan fata, da igiyar kaba mai kauri, da fitilar ƙwai. Fitilar ita ake fara saukarwa kowace safiya. In harshen wutar ya yi ƙasa ko ya mutu, babu mai sauka. Sai a ɗaura reshen darbejiya mai ganye a igiya, a yi ta saukar da shi ana jansa har iskar ramin ta sake. Muguwar iskar rijiya ba ta da wari. Mutum zai ji barci mai daɗi ne kawai.

Baba ya koyi aikin a wajen wani dattijo mutumin Nijar, da ke tsallako iyaka kowane rani. Ya ce ya yi shekaru yana jan igiya kafin a bar shi ya sa ƙafa a rami. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Wanda ke ƙasa ba ya ganin komai sai ɗan farin sama kamar faifai. Ransa yana hannun na sama. Sai ka daɗe kana riƙe da ran wani kafin ka san yadda za ka ba da naka a riƙe." Haka shi ma ya yi wa yaransa. Da yawa sun gaji sun tafi.

Wata rijiya a gefen duwatsun Roni ta kusa sa shi ya haƙura. Bai yi nisa ba ya tarar da falalen dutse, dagi yana tsalle yana dawo masa a hannu. Sai ya sa aka tara itace a kan dutsen aka cinna wuta, aka bar ta ta ci har ta cinye, aka kwara ruwan sanyi daga sama. Dutsen ya tsage kamar fasasshen kasko. Washegari ya sauka ya ɓamɓare ɓawon da ya saki, kaurinsa bai fi tafin hannu ba, aka sake tara itace. Haka aka yi ta yi har damina ta kusa. Ƙasar Babura kuwa akasin haka take. Can rairayi ne, dagi yana shiga kamar cikin tuwo, kuma abin tsoron ke nan, don bangon da ka haƙa da safe yana iya rufto maka da azahar. Can sai an riƙa jera guntayen ƙirya ana tokare bango tun daga sama. Duk inda aka je, da yamma Baba yakan zauna ya wasa dagi a kan dutsen nan na Kanya. A hankali gefe ɗaya ya yi sumul, ya yi santsi kamar bayan ƙwarya.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, sai siminti ya zo. Kowa yana son rijiyar kankare: hukuma, da Fulani masu shanu da ke son baki mai faɗi don guga da yawa su sauka lokaci ɗaya, da wani ɗan kudu mai gidan burodi a Kazaure wanda ke kiran Baba "Injiniya". Siminti ya rage rushewar rijiya, wannan gaskiya ne. Amma da hannu ake cusa shi a bayan allunan da ake zuba shi, a tsaye cikin ruwa, kuma yana cin fata a hankali.

Sai shekarar fari ta zo. Ruwa ya gudu ƙasa. Rijiyoyin da Baba ya haƙa tun yana saurayi suka koma ba da laka, aka riƙa aiko masa daga ko'ina a kan ya zo ya ƙara musu zurfi. Bai huta ba rani biyu. Yana fita daga wannan ramin yana shiga wancan, hannunsa bai bushe daga siminti ba. Akwai wani ɗan ƙauye arewa da Babura da ya haƙa wa sabuwar rijiya. Ya wuce yumɓu, ya wuce farar ƙasa, ya wuce tsakuwar da ya saba samun ruwa a ƙarƙashinta, guga bai daina fitar da busasshiyar ƙasa ba. Mata sukan zo su tsaya da tuluna, su leƙa, su koma. Wata safiya muka ga sun ɗaura kaya a kan jakuna. Dattijon garin ya zo ya riƙe hannun Baba ya ce, "Ka yi iyakar yinka, Malam. Allah bai rubuta ba." Suka nufi Kano. Baba ya sare ƙaya ya rufe bakin ramin don kada dabba ta faɗa.

Daga wannan ranin bai ƙara sauka rijiya ba. Ƙirjinsa ya kama tari, hannuwansa da ƙafafunsa kuma suka tsattsage, tun daga yatsu har gwiwar hannu. In ruwa ya taɓa su sai tsagar ta buɗe ta yi jini, ta kwana tana zogi. Ma'aikacin asibiti ya ba shi man shafawa, ya ce ya nisanci ruwa. Limamin unguwarmu ya ce ya riƙa taimama. Taimama kuwa da ƙasa ake yin ta ko dutse, a buga tafin hannu a shafi fuska da hannuwa. Baba ya gwada ƙasar tsakar gida, tsakuwarta ta shiga cikin tsagar. Sai Inna ta tuna da dutsen washi. Ta wanke shi ta shanya, ta ajiye masa a gefen buzu. Santsinsa bai taɓa fama masa ciwo ba. Fiye da shekara biyu yana salla da shi.

Ina hutu daga kwalejin horon malamai ranar da Kawu Idi ya zo dubiya. Kawu Idi masassaƙi ne, turmi da taɓarya da akushi yake yi, kuma taubashin Baba ne, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Gafiya, an daina shiga rami ke nan?" in ji shi tun daga zaure.

"Gara, shigo. Inna, ɓoye kujerar nan kada ya cinye mana."

Suka yi ta raha har Baba ya yi dariyar da ta tayar masa da tari. Kawu Idi ya miƙa hannu ya ɗauki dutsen don ya matsar da shi. Sai ya tsaya. Ya juya shi, ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya bi layukan da farce.

"Kai, Gafiya, ina ka samo guntun itace mai nauyi haka?"

"Dutse ne. A rijiya na haƙo shi."

"Ni za ka gaya wa itace? Ga jijiyarsa nan ta miƙe. Ga inda reshe ya fito, ka ga ƙullin? Nan kuma ɓawo ne. Wallahi da a daji na gan shi da na sa masa gizago."

Da wasa ya faɗa. Amma na ga fuskar Baba ta sauya. Ya karɓi dutsen ya daɗe yana kallon gefen da bai taɓa wasa dagi a kai ba. Sannan ya ce a hankali, "Idi, ba a taimama da itace."

 

Ku da kuke ƙanana, ku fahimci abin da wannan ke nufi a wajen mutum irin Baba. In itace ne, taimamarsa ba ta yi ba. In taimama ba ta yi ba, sallolin shekara biyu da wani abu ba su yi ba. Kuma ya san tarin nan ba mai barinsa ba ne. Tun daga azahar ɗin ranar ya ture dutsen ƙarƙashin gado, ya koma buga hannu a jikin bangon ƙasa na ɗakinsa, ya fara ramuwa. Kowace salla in ya idar sai ya tashi ya ƙara wasu a kanta, kowacce da tata taimamar. Bangon yana da kaushi. Kafin mako ya zagayo, wurin ya yi shaidar tafin hannu, ja-ja, ɗaya a kan ɗaya. In ya yi sujada sai mun ɗaga shi.

Inna ta ce, "Malam, ka tausaya wa jikin nan."

Ya ce, "Jikin nan ƙasa za shi. Sallar ce za ta wuce gaba."

Kawu Idi ne ya je ya ɗauko liman, shi Kawu ya shigo yana share ido da hannun riga. Liman ya zauna ya saurara. Ya ce wanda ya yi abu bisa abin da ya sani, babu ramuwa a kansa. Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, ka ga abin da idonka tukuna." Na jawo dutsen daga ƙarƙashin gado. Liman ya auna nauyinsa a hannu, ya ga jijiyar, ya ga ƙullin. Bai yi gaggawar magana ba, kuma har yau ina ganin girmansa saboda haka.

"A gwada shi," in ji shi. "Itace yana da halinsa, dutse yana da nasa."

Kawu Idi ya ce a jefa shi a wuta a gani. Liman ya ɗaga hannu. "Kada a sa shi duka. Abin da wuta ta dafa ba a taimama da shi, kamar jan bulo. In dutse ne kun ɓata masa shi. A ɓanto kaɗan."

Da hantsi aka yi abin, a ƙofar gidanmu, aka fito da Baba aka jingina shi da bango. Kawu Idi ya fara sara da gizagonsa. Wuta ta yi tartsatsi, bakin gizagon ya ɓalle.

"Gara ta gamu da abin da ya fi haƙorinta," in ji Baba. Rabonsa da tsokana tun ranar da Kawu Idi ya zo dubiya.

Maƙerin unguwa ya sa guduma ya ɓanto ɗan guntu kamar goro. Aka sa shi cikin garwashi tare da guntun ƙirya daidai girmansa, aka yi ta zuga. Ƙiryar ta yi hayaƙi, ta kama, ta zama garwashi, ta zama toka. Ɗan guntun ya yi ja, bai yi hayaƙi ko kaɗan ba. Da aka fitar da shi ya huce, yana nan yadda yake, sai ɗan fari da ya yi.

Liman ya ce, "Malam Sale, dutse ne. Ko da can itace ne, wanda ya halicce shi ya mayar da shi dutse, kuma hukuncin abu yana bin yadda yake yanzu."

Baba ya ce, "In akwai sauran itace a can cikinsa fa, Allah gafarta Malam? Ko kamar ƙwayar gero?"

"Ba a ɗora mana abin da ido bai kai ba. Ka daina ramuwa daga yau. Ka koma wa dutsenka. Na ɗauki wannan a wuyana."

Baba mutum ne da ya san ba da igiya a riƙe masa. Ya ce, "Na ji, na bi." Inna ta shafe bangon da sabuwar ƙasa. Hannuwansa suka ɗan lafa, ya koma cin abinci. Amma ranar da zan koma makaranta ya kira ni, ya ɗaura ɗan guntun nan da wani sabon ɓantare a bakin gyalena.

"Uwata, ku da kuke karatun zamani, in kin haɗu da wanda ya san duwatsu, ki tambayo mini. Ba gardama nake da Malam ba. So nake in sani kawai."

Na tambayi malamanmu na kwaleji, babu wanda fanninsa ne. Baba ya rasu da kaka ta gaba, bayan sallar la'asar, dutsen yana gefen buzunsa.

Shekaru sun shuɗe kafin in sami shiga jami'a ƙarin karatu. Can na tarar da wani dattijon malami mai nazarin duwatsu, na kwance masa ƙullin. Ya sa aka yanki ɓantaren siriri har haske yana ratsa shi, ya ɗora a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ya ce in leƙa. Na ga 'yan ɗakuna jere reras kamar saƙar zuma. Ya ce hanyoyin da bishiyar ke jan ruwa ke nan daga saiwa zuwa ganye. Kawu Idi bai yi kuskure ba.

Na tambaye shi shekarun bishiyar. Ya ce ba a jikinta ake ƙirgawa ba, a shimfiɗar ƙasar da ta kwanta ciki ake dubawa, kamar dai tulin da nake jera wa Baba, na ƙasa ya girmi na sama. Sai a gwama shimfiɗar da irinta a wasu wurare, inda aka sami tokar dutse mai aman wuta, don a cikin tokar akwai ma'adinan da ke sauyawa a hankali bisa ƙa'ida, kamar tulu mai yoyo da aka san yawan ɗigarsa. Da haka aka gane irin wannan tsakuwar ta kai shekara miliyan ɗari ko fiye. Bishiyar ba ta fure, ba ta 'ya'yan da ake ci. A zamaninta babu kanya, babu tsamiya, babu kuka, babu mutum. Ya ce duk da haka ita ta baya-bayan nan ce. Bishiyoyin farko sun kusa shekara miliyan ɗari huɗu, ba su da ko iri, da wani gari mai laushi suke yaɗuwa a wurare masu danshi. Masu bincike kuma suna ganin amfanin itace na farko shi ne ɗaga ruwa sama, tsayuwa da tsawo daga baya suka zo.

Sai na yi masa tambayar Baba, da kalmomin Baba.

Ya ce babu. Ko kamar ƙwayar gero babu. Siffar ce kawai ta rage.

Na ce to me ya cire itacen ya sa dutse a gurbinsa, har bai ɓata ɗaki ɗaya ba?

Ya ce ruwa ne. Kogi ne ya kayar da bishiyar ya binne ta cikin yashi. Daga nan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta ratsa ta, yana bin hanyoyin nan da ta saba shan sa, yana ɗauke itacen kaɗan-kaɗan yana ajiye narkakken dutse a wurinsa, har ya gama. Dutsen da Baba ya riƙa ɗora tafin hannunsa a kai, a shekarun da aka hana shi taɓa ruwa, ruwa ne ya yi shi.